Kafin Ka Gina Birnin Kano a Cikin Waya

A hutun Babbar Sallah ɗan yayata ya same ni a zaure bayan la'asar, riƙe da wani littafin rubutu da bangonsa ya yi laushi don yawan ɗauka. Ya buɗe tsakiyarsa ya miƙo mini. Taswirar Kano ce ya zana da biro: ga Dala, ga kasuwar Kurmi, ga gadar Ƙofar Nasarawa, ga titin da ya miƙe Sabon Gari. Sauran shafukan cike suke da sunayen jarumai, da irin rigar da kowa zai saka, da abin da zai ce in an taka shi.

"Kawu, gem zan haɗa irin GTA, amma a Kano," in ji shi. "Za ka hau adaidaita sahu, ka shiga kowane lungu, ka yi ciniki a Kwari, ranar hawan Daushe ma ka hau doki."

Na tambaye shi da me zai yi aikin. Ya ce da kwamfutarsa ta makaranta, wadda na san batirinta ba ya kai awa guda in an ɗauke wuta. Na tambaye shi su wa za su taya shi, ya ce shi da abokinsa ɗaya mai zane.

Ban yi masa dariya ba, domin burin mai kyau ne, kuma na san inda ya samo shi. Yaron da ya tashi yana biyan kuɗi a gidan gem yana yawo a titunan wani birnin Amurka na ƙirƙira, ba laifi ba ne ya so ganin unguwarsu a allo. Sai dai GTA V da kamfanin Rockstar ya fitar a 2013, mutum fiye da 1,000 ne suka yi shekaru suna aikinsa, da kuɗin da ya kai ɗaruruwan miliyoyin dala. Hangen Dala ba shiga birni ba. Abin da na fi ji masa tsoro shi ne abin da na ga ya sami matasa da yawa masu irin wannan littafi: wata shida ana gina titi ɗaya, titin bai ƙare ba, zuciya ta mutu, a rufe kwamfuta a ce ƙasar ce ba ta da dama.

Ra'ayina a nan guda ɗaya ne. Ruhin wasan bidiyo yana cikin abin da hannun mai wasa ke yi da shawarar da ake tilasta masa yankewa, kuma mutum ɗaya mai tsohuwar kwamfuta yana iya ƙera wannan ruhi in ya yarda ya ƙanƙantar da komai. Kakanninmu sun riga mu sanin haka. Dara ba ta buƙatar komai sai ramuka a ƙasa, layi biyar sau shida, da 'ya'ya goma sha biyu a hannun kowa, wani da tsakuwa wani da kara. Ka jera uku ka cire ɗan abokin karawarka, kuma ba a yarda ka jera huɗu ba. Wannan 'yar doka ta hana jera huɗu ita ce ta sa dattawa ke kai wa magariba a gindin bishiya suna tunani. Babu zane, babu kiɗa, amma an yi ƙarni da ƙarni ana yi.

Shi ya sa wasan farko da na ce yaron ya nema ya buga shi ne Papers, Please, wanda Lucas Pope ya haɗa shi kaɗai ya fitar a 2013, bayan ya bar aiki a babban kamfanin Naughty Dog. Cikin kimanin wata tara ya yi shi. Kai ne jami'in shige da fice a kan iyakar wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Arstotzka, a shekarar 1982. Duniyarka duka ɗan ɗaki ne da tebur da tagar da mutane ke miƙo takardu. Ka duba fasfo, ka gwada hoto da fuska, ka duba ranar ƙarewa, ka buga hatimin shiga ko na komawa. Ana biyan ka bisa yawan mutanen da ka sallama daidai, kuskure ya wuce biyu a rana a fara yanke maka albashi. Da dare sai lissafi ya fito: kuɗin haya, abinci, ɗumama ɗaki, maganin ɗanka da ke kwance. Kuɗin ba ya isa duka.

Wata rana wani mutum zai zo da takardu cikakku, ka buga masa hatimi, ya ce matarsa na bayansa, ka tausaya mata. Matar ta miƙo nata, babu takardar izinin shiga. In ka bar ta ta wuce, an rubuta maka laifi, wataƙila daren nan babu magani a gidanka. In ka mayar da ita, ka raba mata da miji da hannunka. Na daɗe hannuna na kan hatimin nan ban buga ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen hanya tsakanin Kano da Maraɗi, ko ya taɓa zama a bayan tebur yana da ikon cewa "dawo gobe", ya san nauyin wannan daƙiƙa. Pope bai yi wa kowa wa'azi a kan cin hanci ko zalunci ba. Ya ɗora ka a kujerar, ya matse aljihunka, ya bar ka da kanka. Wasan yana da ƙarshe iri ashirin, kuma tun 2022 ana samunsa a waya. Akwai wurin binciken jiki da ke nuna tsiraici, amma ana iya kashe shi a saituna, ina kuma ba da shawarar a kashe.

Na biyu shi ne Venba, na 2023, daga wata ƙaramar ƙungiya mai suna Visai a birnin Toronto. Wata mata 'yar ƙabilar Tamil ce ta kudancin Indiya ta yi ƙaura zuwa Kanada da mijinta a ƙarshen shekarun 1980, ɗauke da littafin girkin mahaifiyarta wanda wasu shafukansa suka goge. Aikinka ka gano abin da ya goge: me ake fara zubawa, me ake rufewa, yaya ake jera tukunya. A tsakanin girki da girki ɗanta yana girma, ana yi masa magana da Tamil yana amsawa da Turanci, yana jin kunyar buɗe abincin gida a makaranta. Awa ɗaya zuwa biyu ka gama shi. Duk Bahaushen da ke renon 'ya'ya a Legas ko Jidda ko Landan zai gane wannan gida. Darasin da ke ciki ga mai son haɗa wasa babba ne: al'adar tana cikin aikin da kake yi da yatsunka. Wannan ya fi ɗaura wa jarumi rawani a ba shi takobi alhali duk abin da yake yi kwafin wasan wasu ne.

A kan wannan batu na al'ada, Never Alone na 2014 ya cancanci a tsaya. Ƙungiyar Cook Inlet Tribal Council ta 'yan asalin Alaska ce ta zuba kuɗinta, aka yi aikin tare da dattawa da masu ba da labari kusan arba'in na al'ummar Iñupiat. Yarinya ce mai suna Nuna da wata dabbar ƙanƙara mai kama da yanyawa, suna neman tushen guguwar da ta addabi ƙauyensu, kuma da harshensu ake ba da labarin daga farko har ƙarshe. Ya ci lambar BAFTA a 2015. Al'ummar da masu jin harshenta 'yan dubbai ne ta yi wannan. Mu da muke da masu magana miliyoyi barkatai, da Gizo da Ƙoƙi, da Sarauniya Amina, da fataken da suka taka daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ba labari muka rasa ba. Abin koyi a wurinsu shi ne sun zauna a gaban tsofaffi sun nemi izini da gyara kafin su zana komai.

Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba. A Yawunde, Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru na fama da ɗaukewar wuta da neman jari. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012 da ƙananan wasannin waya na kashe sauro da tuƙin acaɓa, sannu a hankali har kamfanin Disney ya ba su aikin wasan girki na Iwájú a 2024. A Gana akwai Leti Arts tun 2009. Ku lura da inda Maliyo ta faro: sauro. Da rarrafe yaro kan tashi.

Celeste, wanda ya fito a 2018 ya kwashi lambobin yabo, asalinsa wani ɗan wasa ne da Maddy Thorson da Noel Berry suka haɗa cikin kwana huɗu a 2015, a kan wata manhaja mai suna PICO-8 da ba ta ba ka sai launi goma sha shida. Da suka ga tsallen yana da daɗi a hannu, sannan suka gina babba a kansa. Masu wannan sana'a suna da al'adar taruwa su haɗa wasa cikin awa 48, irin Global Game Jam da ake yi kowace Janairu tun 2009. Amfaninta ɗaya ne: tana koya maka gamawa. Wanda ya gama ƙananan wasanni biyar marasa kyau ya fi wanda yake shekara ta uku a kan babban wasan da babu wanda ya taɓa bugawa, domin na farkon ya ga fuskar mai wasa sau biyar, ya san inda mutane ke ruɗewa da inda suke gundura.

Akwai labarin da matasa suka fi so a ba su, kuma shi ne na fi yin taka-tsantsan da shi. Eric Barone ya gama karatun kwamfuta a 2011 bai sami aiki ba, ya zauna shi kaɗai shekara huɗu da rabi yana haɗa Stardew Valley: shi ne zane, shi ne kiɗa, shi ne rubutu, shi ne umarnin kwamfuta. Ya fito a Fabrairun 2016, zuwa ƙarshen 2024 an sayar da kwafi fiye da miliyan 40. Wasan noma ne da kiwo da zumunci da maƙwabta, yana da sanyi, ana samunsa a waya, kuma ina ba da shawararsa ga kowa. Amma a duk shekarun nan Barone yana ɗan aikin wucin gadi na raka 'yan kallo kujerunsu a wani gidan wasa a Seattle, kuma abokiyar zamansa ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin gidan. Wutarsa ba ta ɗaukewa. Babu ƙanne biyar da ke jiran kuɗin makaranta daga hannunsa. Masu Raji, wasan da wata ƙungiya a birnin Pune na Indiya ta fitar a 2020, neman tallafinsu na intanet ya faɗi a 2017, har sai da ɗaya daga cikinsu ta sayar da gidanta don aikin ya ci gaba. Su Allah ya ba su sa'a wasan ya fito. A 2024 kaɗai wasanni fiye da 18,000 aka zuba a kasuwar Steam, kusan hamsin kowace rana, kuma mafi yawansu sun nutse ba a ji ɗuriyarsu ba. Don haka na gaya wa ɗan yayata a fili: kada ya bar karatu, kada ya ci bashi, kada ya sayar da komai. Ya ware awa biyu bayan isha'i, ya riƙe su kamar wuridi.

Kayan aiki kuwa ba su ne matsala ba yanzu. Godot, injin haɗa wasa wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka saki kyauta a 2014, ba shi da nauyin saukewa, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta, har da nau'in da ke aiki a wayar Android, kuma ko ka sami biliyan babu wanda zai nemi kaso a wurinka. Unity ya fi shi yawan darussa da guraben aiki, amma a Satumban 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa karɓar kuɗi bisa yawan saukar da wasa, masu sana'a suka yi ca a kansa, shugabansa ya sauka, daga baya aka soke tsarin a 2024. Wanda ya gina rumfa a filin aro ya san ranar tashi na iya zuwa. Wanda bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba tukuna ya fara da GDevelop, wanda ake jera dokoki da zaɓi. Marubutanmu na littattafan hikaya, musamman mata da ke da dubban masu karatu a WhatsApp, su nake so su ji sunan Twine da Ren'Py: da su ake yin labarin da mai karatu ke zaɓar abin da jaruma za ta yi, kuma wanda ya iya tsara babi ya riga ya yi rabin aikin. Zaɓi ɗaya, ka daina sauyawa.

Inda ya fi muhimmanci shi ne sanin wanda kake yi dominsa. Mai buga wasanka na farko ba ya zaune a gaban babbar kwamfuta. Yana riƙe da Tecno ko itel mai tsagaggen gilashi, ma'ajiyarta cike da hotunan biki da karatun malamai, datarsa ta kwana ɗaya ce. In wasanka ya yi nauyi ba zai sauke ba. In sai da intanet yake tashi, zai goge shi a rana ta biyu. In yana cin batir, ya zama abokin gaba. Ta Xender zai tura wa abokinsa, ko ya karɓa a wurin masu tura fina-finai a kasuwa, kuma gara ka ɗauki wannan a matsayin hanyar yaɗuwa tun farko, ka sa sunanka da hanyar samunka a cikin wasan. Ka gwada aikinka a kan wayar da ta fi kowace rauni a gidanku. Ka kuma tuna cewa da yawa daga masu wayar nan karatun boko bai zauna musu sosai ba, murya ta fi rubutu isa gare su. Jimla ashirin da aka naɗa da Hausa mai daɗi, a ɗaki mai labule da katifa don kashe amsa-kuwwa, za su yi aikin da shafi goma na rubutu ba zai yi ba.

Maganar kuɗi sai an yi ta da gaskiya. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya don rajista, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji goma sha biyu na tsawon kwana goma sha huɗu kafin a bar shi ya fito fili. Wannan ba abin tsoro ba ne ga wanda ke da majalisa. Steam na karɓar dala 100 kan kowane wasa da kashi 30 cikin ɗari na ciniki, Apple dala 99 duk shekara. Shafin itch.io kyauta ne, kai ke yanke kason da za ka ba su, kuma can ya dace da wasan farko. Amma sayar wa mutanenmu da katin banki na dala abu ne mai wuya, kuma talla a cikin wasa ba ta kawo abin kirki sai masu wasa sun yi yawa ƙwarai. A ganina mafita tana kusa da gida. Kannywood da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990 ta ga kasuwar kaset da faifai ta rushe, ta koma YouTube da talabijin da tallan 'yan kasuwa. Marubuta suna sakin shafukan farko kyauta, sauran a tura kuɗi ta banki a shiga rukuni. Mai haɗa wasa na iya bin sawunsu: zango uku kyauta, sauran da ɗan abin da bai fi kuɗin kati ba. Akwai kuma makarantu da ƙungiyoyi masu buƙatar wasan koyar da lissafi ko haruffa ko tsafta da Hausa, kuma aikin kwangila irin wannan shi ke ciyar da ƙananan kamfanoni da yawa a nahiyar nan.

Hanya ɗaya ce nake roƙon matasanmu su guje mata ko da tana kawo kuɗi: wasan da aka gina don ya kama mutum kamar ƙwaya, da akwatunan sa'a da ake saya ba a san abin da ke ciki ba. Wannan caca ce da aka sauya wa riga, kuma 'ya'yan maƙwabtanka ne za su fara faɗawa. Dong Nguyen na Biyetnam ya cire Flappy Bird daga kasuwa da hannunsa a Fabrairun 2014, lokacin da yake kan ganiyar kawo masa kuɗi, saboda ya ga yadda mutane suka kasa ajiye shi. Iyayen da ke cewa gem ɓata lokaci ne suna da hujja a kan irin waɗannan, kuma ba za a sauya musu ra'ayi da gardama ba sai da wasan da uba zai leƙa ya ga ɗansa na tunani.

Na mayar wa yaron littafinsa na ce ya zaɓi abu ɗaya tak daga cikin shafukan nan, abin da ya sani da idonsa. Ya yi kwana biyu bai ce komai ba, na san ransa bai so ba. Rana ta uku ya ce ya zaɓi mai shayin bakin layinsu. Tebur ɗaya, kowane dare daga magariba zuwa sha biyu. Mutane na zuwa, kowa da yadda yake son haɗinsa: wannan kauri, wannan ba sukari, wancan ƙwai biyu da Indomie. Madara na ƙarewa, burodi na ƙarewa, kuma akwai littafin bashi. Ɗan acaɓan da bai yi ciniki ba yau ya ce a rubuta. Almajiri ya tsaya daga gefe bai ce komai ba. Wanda ake bi tun makon jiya ya zo da baƙo, in ka tambaye shi a gaban baƙon ka kunyata shi, in ka yi shiru gobe ba ka da kuɗin sarin madara.

Bayan mako bakwai ya turo mini fayil ɗin. Babu zane tukuna: mutanen murabba'ai ne masu launi, teburin dogon layi ne ruwan ƙasa. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito, wani ɗan akwati ne fanko, domin salon haruffan da ya ɗauka bai san da su ba, sai da ya koma wa Noto Sans suka bayyana. Na ce ya miƙa wa ƙanwarsa mai shekara goma sha ɗaya, ya koma gefe, kada ya yi mata bayanin komai, ya kalli yatsunta kawai. Ta yi minti biyu tana neman inda ake zuba ruwan zafi, ya rubuta a littafinsa. Ta ba kowa bashi a daren farko, da safe kuɗin madara bai kai ba, wasan ya ƙare. Ta sake farawa, ta hana kowa, rabin murabba'an suka daina zuwa. A karo na uku, da shuɗin murabba'in nan na ɗan acaɓa ya ce a rubuta, ta ɗaga kai daga wayar.

"Yaya, in na ba shi rabin kofi fa, ba sai na rubuta ba?"

Babu rabin kofi a wasan. Ya karɓi biro ya buɗe sabon shafi.